Zuma a Gaban Suruki

Uwaisu ya karkata gwangwanin zuma zai ƙara a 'yar kwalbar da shi da surukarsa suke zuwa da ita asibiti, sai ya ga babu wurin ƙari. Kwalbar tana nan cike har wuya, yadda ya cika ta tun makon jiya. Ya ɗaga ta a hasken ƙofa ya jijjiga, zumar ta ɗan motsa da ƙyar ta koma ta kwanta. Farar saƙa ce ta gaske, wani direban motar shanu ya roƙa ya taho masa da ita daga Birnin Gwari, don ta kasuwar Legas bai yarda da ita ba, rabinta sukari ne aka dafa aka ba shi launi.

Ya leƙa waje. Adama maƙwabciyarsa tana tsugune a bakin ƙofarta tana fifita gawayi a ƙarƙashin tukunyar kokon da take sayarwa. Haifaffiyar Agege ce, bakinta ba ya ajiye magana, Hausa da Yarbanci duk ɗaya ne a wurinta.

"Adama, ke kika ƙara zuma a kwalbar nan?"

"Ni? Oga Uwaisu, ina ni ina taɓa kayan magani? Da yamma Inna ta ba ni in miƙo maka, da safe ka ba ni in miƙa mata. Ni dai 'yar aike ce."

"A ɗaki fa, tana sha?"

"Ta dare kam da hannuna nake ba ta, daga wadda ka zuba mini a kofi. Ta asibiti kuwa ku kuka sani, kai da ita."

Ya tsaya da kwalbar a hannu kamar zai ƙara wata tambayar, sai kuma ya fasa. Ya ce a ransa wataƙila idonsa ne, zuma ai ba ta nuna raguwa da wuri. Da ma shi in ba ya son sanin abu ba ya rasa hujja. Ya miƙa wa Adama kwalbar da ɗan cokalin, ta goge hannu a zani ta shiga da su ciki.

Inna Baiwa surukarsa ce, mahaifiyar Kalsum, matarsa da ta rasu bara wurin haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Da bazarar bana wani kumburi ya fito wa Inna a wuya, hanci ya riƙa haɓo, kunne ɗaya ya toshe. Daga Ringim aka kai ta Kano, a Kano aka ce ciwon daji ne a can bayan hanci, kuma maganinsa sai Legas, inda aka kawo injin da ke gasa ciwon da wani haske da ido ba ya gani. Ƙaninta Almu ne ya rako ta a jirgin ƙasa. Ya yi 'yan kwanaki yana kallon sama, ba shi da zance sai na gero da shuka, ran nan ya kama hannun Uwaisu ya ce ga amana nan, ya bi jirgi ya koma gonarsa. A duk faɗin Legas kuwa Inna ba ta da kowa sai mijin 'yarta da ta mutu.

Tun ranar da aka ɗaura aure Uwaisu bai taɓa ganin fuskar Inna sosai ba. In ya je gaisuwa Ringim, daga nesa yake tuɓe takalmi ya tsuguna a ƙofar ɗaki, ita tana ciki bayan asabari, Kalsum tana tsakani tana kai magana tana dawo da ita, tana ƙunshe dariya. Yanzu mai kai maganar ba ta nan, amma su biyun ba wanda ya sake hali. Inna ta ƙi ko leƙa ɗakin 'yarta, ta shimfiɗa tabarma a ɗakin Adama. In za su gaisa, shi ya kalli ƙasa ya ce an kwana lafiya, ita ta kalli bango ta ce an tashi lafiya, sai ka rantse wasu mutane ne can daban ake tambaya.

Ɗakin kuwa yana nan yadda Kalsum ta bar shi. Jeren kwanukanta yana kan katako har kusa da rufi, danginta ba su aiko a kwashe ba, shi kuma bai tuna musu ba. Wani sa'in da asuba yana alwala sai ya ji murfin kwano ya yi 'yar ƙara a ciki. Ya san ɓera ne, a Agege ai ɓera ya fi mai haya iko da ɗaki. Duk da haka sai ya ji bakinsa ya ce "Na'am?" kafin hankalinsa ya dawo. Tun zuwan Inna kuma abin ya ƙaru, saboda tarinta. Ta cikin bango yake jin sa, gajere, da ɗan gyaran murya a ƙarshe, sak na Kalsum. Sau da yawa yakan tashi zaune yana sauraro, ba ya so ya ji, ba ya kuma so a daina.

Suka fito, shi a gaba da laima a hammata, ita a baya da tazarar da ta dace, ta ja mayafi har kan hanci. Sana'arsa fata da ƙirgi ce a kwatar Agege, amma tun da aka fara gashin nan abokin cinikinsa Ɗanbaba ke riƙe masa rumfa, yana mita yana riƙewa. A bakin titi molue, babbar bas ta haya, ta ja birki ba ta gama tsayawa ba, kwandasta yana rataye a ƙofa yana kiran Oshodi da Mushin. Uwaisu ya kutsa da kafaɗa, ya roƙi wani saurayi da Yarbanci ya tashi ya ba tsohuwa wuri, shi kuma ya kama ƙarfe ya tsaya inda zai riƙa hango mayafinta ba tare da ya ga fuskarta ba.

Shekarun nan kuɗin mai sun sauko gari, kowa ya sayi mota, titi kuwa bai ƙara faɗi ba. Daga Ikeja aka shiga gosulo, cunkoso ya tsai da kowa, sabbin motoci masu leda a kujera da tsofaffin akwala duk aka jeru ana shaƙar hayaƙi ɗaya. Masu talla suna bin taga da burodi da dafaffen ƙwai da ruwan sanyi. Bai taɓa saya ba, ina zai ci abu surukarsa tana zaune? Sai yau, da maganar kwalba a ransa, ya lura ita ma bai taɓa ganin hannunta ya nufi baki ba. Daga fitowarsu da sassafe har komawarsu bayan la'asar, ko ruwa. Ya mai da idonsa kan titi.

Sashen gashi yana can ƙarshen babban asibitin da ke Idi-Araba, wata doguwar baranda ce da bencina, sai ƙofa mai kauri kamar ta banki. Masu jira duk an san juna ko ba a jin yaren juna. Kowa da zanen shuɗin tawada a inda ake haska masa, wani a ƙirji, wani a muƙamuƙi, Inna a wuya da gefen kunci, an kuma ja musu kunne kada ruwa ya taɓa zanen, har alwala sai da dabara take yi. Lokacin da suka fara zuwa akwai wani tsohon ma'aikacin reluwe, Bayarabe mai barkwanci, ana ce masa Baba Loko. Shi ma a baki da wuya ake gasa shi. A gaban idon Uwaisu mutumin nan ya tashi daga mai cika baranda da labari ya koma magana ɗai-ɗai, ya koma riƙe gwangwani yana tsiyayar da yawu mai jini, ko ruwa ya kurɓa sai hawaye. Daga nan aka ce likita ya dakatar masa da gashi sai bakin ya warke. Bai sake dawowa ba, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin tambaya.

Saboda irin wannan ne Sista Mariamu ta kawo maganar zuma tun ranar farko. 'Yar Kagoro ce, gajeruwa mai saurin tafiya, ita kaɗai ke jin Hausa a sashen. Ta ce hasken injin ba ya bambanta ciwo da lafiyayyen nama, yana ƙona fatar cikin baki. Cokali ɗaya kafin a shiga, ɗaya bayan an fito, ɗaya kafin barci. A riƙe a baki, a juya ta ko'ina, sannan a haɗiye a hankali. Ta ce ba ta cikin magungunan da likita ya rubuta, amma ta tambaye shi ya ce bai hana ba, ita kuma a ganinta waɗanda ke sha bakinsu ya fi jurewa. Uwaisu ya ji daɗin maganar ƙwarai, don a duk abin da ake yi wa Inna a wurin nan, zuma ce kaɗai abin da ya sani ya kuma iya kawowa.

Suka zauna yadda suka saba, ita a wannan gefe, shi a wancan, tsakaninsu gurbin mutum ɗaya wanda ba su taɓa yin shawarar bari ba. In wani ya zo zai zauna a wurin, sai Uwaisu ya ji ransa ya ɓaci, shi kansa bai san dalili ba.

Ranar duba baki ce. Sista ta shiga da Inna bayan labule da 'yar tocila a hannu, suka daɗe fiye da kullum. Da suka fito ta zaunar da ita, ta yafito Uwaisu zuwa bakin taga.

"Malam, bakin Mama ya soma. Ya yi ja, gefen harshe har da fari-fari. Kuma ta rame, sikeli ya nuna."

"Subhanallahi. To yanzu fa?"

"Yanzu da sauran dama. Amma rabin gashin yana gaba, in bakin ya fashe ba za ta iya haɗiye ko koko ba. In ba ta ci, likita zai tsayar. In an tsayar a tsakiya, abin nan na wuyanta ba jira zai yi ba. Ai ka ga Baba Loko." Ta dube shi. "Tana shan zumar?"

"Kullum tana tare da ita, a ƙulle a bakin mayafi."

"Ban ce tana tare da ita ba. Ka taɓa gani ta sha?"

"Sista, surukata ce fa."

"To?"

"To yaya zan kalli bakinta?"

Sista Mariamu ta riƙe ƙugu, ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta zauna da Hausawa ta san halinsu. "Na tambaye ta a ciki. Ka san me ta ce? Wai a gaban wa za ta sha. Kai kana kunyar ka duba, ita tana kunyar ta sha, ni kuma ina nan ina zargin zuma. Ku da kunyar nan taku, wata rana sai ta kai ku lahira da ƙafarku." Ta ga yadda fuskarsa ta canza, ta sassauta murya. "Yi haƙuri, bakina ne. Na so in ba ta a ciki ta ƙi, wai labule ne kawai tsakani, kana jin motsi. Akwai mutane a gabanta tukuna. Ka fita ka ba ta wuri, ka daɗe. In na sallami wancan zan zo in tsaya a kanta."

Wallahi sai ya ji sauƙi, ashe maganin abin fita ce kawai. Kunya da haushin kansa suka kama shi tare: makonni yana zaune ƙiƙam kamar an dasa shi, yana ganin kirki yake yi, ashe shi ne ya tsaya tsakanin tsohuwa da maganinta. Ya koma ya ɗan rusuna a gefen benci ya ce wa ƙasa, "Za a ɗan fita waje a dawo." Ya ɗauki laimarsa ya fita.

A bakin ƙofar asibiti mutanen Idi-Araba sun kafa tebura, mai shayi, mai goro, mai gyaran takalmi, Hausa tana tashi sai ka ce a tashar Kano. Ya tsaya a rumfar mai goro suna gaisawa, mutumin yana tambayarsa mai jiki, yana amsawa da sauƙi hankalinsa ba ya wurin. Hadari ya haɗo daga wajen teku, iska ta taso, aka fara yayyafi. Ya juya zai buɗe laima, sai ya hango ta.

Tana tsaye a tsakiyar fili, inda motocin asibiti ke juyawa. Ta ɗora nauyinta a ƙafa ɗaya, ta karkatar da kai, hannu ɗaya ya riƙe mayafi a ƙarƙashin haɓa. Haka Kalsum take tsayawa a bakin ƙofa in ya daɗe a kwata bai dawo ba. Laimar ta kusa suɓuce masa, har ya buɗe baki zai kira sunan. Sai iska ta ɗaga gefen mayafin, ya ga shuɗin zane a wuya.

Inna ce ta biyo shi, ga ruwa yana ƙaruwa, ga zanen da aka ce kada ya jiƙe. Ya ruga. Ba damar ya kama hannunta, ba damar ya shiga laima ɗaya da ita, sai ya miƙa hannu iya tsawonsa ya rufe ta, shi ruwa yana dukansa, suka taka a haka har wani lungun baranda inda ake ajiye kekunan marasa lafiya. Ba kowa a wurin, sai wani guntun benci. Ta zauna tana haki. Ya tsuguna nesa kaɗan, rigarsa tana ɗiga.

Babu Adama, babu Sista, babu wanda zai kai magana. Ruwa ya kece a kan kwanon rufi. Can Inna ta fuskanci ginshiƙin da ke gabanta ta ce da dusasshiyar murya, "A daina tafiya ana barin mutum."

"An ce a sha zumar ne," ya ce wa siminti, "shi ya sa aka ba da wuri."

Sannan ta ci gaba a hankali, don kowace kalma sai ta sosa mata harshe.

"Ɗakin nan nasu na gashi. In sun kwantar da mutum, su daidaita masa kai, su ce kada ya motsa ko yatsa. Sai su fita dukansu su ja ƙofar nan mai nauyi. Mutum yana kwance yana jin takun takalmansu suna nisa, suna nisa. Malamai sun ce haka mamaci yake ji in an gama rufe shi an juya." Ta haɗiye yawu da ƙyar. "Abin da ke hana ni tashi in buga ƙofar, na san akwai wanda bai tafi ba, yana zaune a waje. Yau na ɗaga kai na ga benci wayam."

Uwaisu ya san takun da take faɗa, yana cikin masu yin sa. Ranar da aka binne Kalsum ma ruwa aka yi, maƙabartar Agege ta yi caɓi, takalminsa na roba yana kamawa yana saki a cikin laka, kowane taku da ƙararsa. Ya daɗe yana tambayar kansa ko ta gane nasa a cikin na jama'a.

To ga inda magana ta tsaya: in yana nan ba za ta sha ba, in ya tafi ba za ta zauna ba. Ya yi ta maza ya ce, "Sai a juya baya, a rufe ido."

"An san ana nan."

"Inna, a yi haƙuri da abin da za a faɗa. Ko a shari'a ni kamar ɗa ne, har abada. Kuma wadda ake kunyar dominta, Allah ya karɓi abarsa. Babu wanda zai ga laifi."

"Na sani, ni ba yarinya ba ce." Ta ƙara jan mayafin. "Ni ban ga gawa ba. Saƙo ne ya zo a bakin wani falken goro, bayan har an yi sadakar bakwai. Na yi kuka, na zauna na karɓi gaisuwa, aka watse. Amma raina bai yarda ba, don ba abin da ya canza a gidana, da ma can ba ta nan, tana Legas. Ranar da na sauka daga jirgi na ga an tuɓe takalmi an tsuguna mini a tasha, na ja mayafi, sai na ji sanyi a raina. Na ce ashe har yanzu ina da 'ya a ɗakin miji. Duk sanda na ji kunyar nan, yarinyar nan tana nan, ta dai shiga ɗaki ne ba ta fito ba. Shi ya sa ban leƙa ɗakin ba. In na buɗe baki na ci abu a gaban mijinta..."

Ba ta ƙarasa ba, shi kuwa ya gane sarai, don ciwon nan shi ma yana da shi. Ashe daɗin tsugunon nan yake ji. Tun da Inna ta zo ya sake zama mijin wata, mai suruka, mai wadda zai tuɓe wa takalmi, ya daina zama gwauron da ake tausaya wa a kwata. Ba rashin lura ne ya hana shi duba kwalbar duk kwanakin nan ba. Su biyun ne suka haɗu suka ajiye Kalsum a gurbin nan na tsakiyar benci, kowa yana lallaɓawa kada ya taɓa, bakin tsohuwa kuwa yana ta ƙonewa.

Daga can ciki aka jiyo muryar Sista tana tambayar masu jira ko sun ga inda Mama Bahaushiya ta bi. Layi ya kusa zuwa kanta ke nan.

Tsoro ya kama shi. Ya san abin da zai faɗa zai fi injin yi mata ciwo, ya kuma san in ya faɗa, shi ma ya rabu da ɗan abin da yake riƙe da shi. Ya tuna gwangwanin Baba Loko. Ya miƙe daga tsugunon, ya zo ya zauna a kan bencin dab da ita, inda bai taɓa zama ba, ya ɗaga kai ya dube ta.

"Inna, ba ta ɗaki. Ni na shiga ramin, ni na karɓe ta, da hannun nan na kwantar da ita na juya fuskarta alƙibla. Kwanuka ne kawai a ɗakin, da ɓeraye. In bakin nan ya fashe suka tsayar da gashi, ni ne dai zan sake shiga rami, ba wani ba. Wallahi ba zan iya ba. Ki sha zumar nan, Inna. Ki sha ina gani."

Ruwa yana ta zuba daga indararo. Sannan hannunta ya sauka kan bakin mayafi ta fara kwance ƙullin, ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwantuwa. Ya sa hannu ya kwance, ya buɗe kwalbar ya tsiyaya a cokali, zumar tana sauka a hankali, ba ruwanta da saurin da ake yi. Duk tarbiyyar da aka yi masa tun yana yaro tana ce masa ya kau da kai. Bai kau ba, don ya san in ya kau sun koma inda suka fito.

Inna ta sauke mayafin daga kan hancinta. Fuskar 'yar ƙarama ce, ta fi yadda ya zata tsufa, leɓɓan sun bushe sun tsattsage. Ta karɓi cokalin, ta yi bismillah ta kai baki. Ta runtse ido don zafin da ta ji a inda ya soma, amma ta riƙe, tana juya ta a hankali yadda aka koya mata. Hawaye suka gangaro, ta tare su da gefen mayafi kafin su kai ga zanen.

Da ta haɗiye ta miƙa masa cokalin, ta dube shi ido cikin ido.

"Kalsum," ta ce. 'Yar fari ce, tun ranar da aka raɗa mata sunan bai taɓa fita daga bakin uwarta ba sai yau. "Ta sha wuya?"

Kafin ya amsa Sista Mariamu ta ɓullo ta kwanar baranda tana haki. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga cokali a hannunsa da fuskar Inna a buɗe, ta mai da bakinta ta rufe. "Mama, an zo kanki," ta ce kawai.

Inna ta dafa benci ta miƙe. "Ka zo ka zauna a bakin ƙofar," ta ce masa. "In na fito ka ba ni na biyun, sannan ka gaya mini. Duka nake so, kada ka rage."

Ya bi su a baya. Aka shiga da ita, ma'aikatan suka fito, aka ja ƙofar. Ya zauna a ƙasa ya jingina da ita, kwalba a hannu ɗaya, cokali a ɗaya, yana neman inda zai fara, don tun ranar da abin ya faru shi ma bai taɓa ba kowa labarin ba.